Bangon da Ba a Ɗaure Ba

A bayan mota aka kawo ɗakin Baba, falle-falle, kamar katifu. Da farko wata doguwar mota ce ta shigo da baya, ta sauke faffaɗan kankare da aka zubo tun daga masana'anta, aka shimfiɗa shi a ƙarshen tsakar gida, dab da makwararar ruwa. Sannan bangwayen suka iso. Kowane bango falle biyu ne na katako, an matse farin soso a tsakaninsu, irin wanda ake samu a kwalin sabon firiji. Kafin rana ta take an tsayar da su, kafin ta faɗi an ɗora rufi. Baba yana zaune a kujerar roba yana kallo, haɓarsa a kan sanda. Tsohon tela ne, ya san rigar da aka gama da wuri takan dawo da wuri.

Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Injiniya, sana'arsa ke nan, sayar da irin waɗannan ɗakuna da harhaɗa su. Shi ya ga ɗakin gaba, inda Baba ya zauna da matarsa har ta rasu, ya fi dacewa da ofis, tunda ƙofarsa na kallon titi.

"Baba, ai girma aka ƙara maka," in ji shi, yana buga bangon da tafin hannu. "Ba zafi, ba sanyi, ba hayaniya. Manyan mutane layi suke bi a kan irinsa."

"To, Allah ya yi albarka," in ji Baba.

Aka shigar masa da gado, da keken ɗinkin da ya daina takawa, da akwatin ƙarfen marigayiya. Abin da ya rage na zaman aure mai tsawo ke nan, kuma mutum biyu suka kwashe shi a sahu ɗaya.

Gaskiya ɗakin ya yi kyau. Fari tas, ga taga mai gilashi, ga ƙofa da ke rufuwa ba ƙara. Kyan ne ma ya ja masa, domin tun makon farko Injiniya ya fara shigowa da masu saye. Yakan turo ƙofa, sannan ya ƙwanƙwasa.

"Baba, baƙi. A ɗan sa farar rigar nan."

Sai Baba ya sa farar riga ya zauna a bakin gado, baƙi su durƙusa su gaishe shi, idonsu na kan rufi. Injiniya ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya fara karatun da Baba ya haddace tun bai so ba.

"Mutane sama suke kallo, alhali sirrin wannan gini a ƙasa yake. Kankare yana tsotsar ruwa, katako kuma ba ya ga maciji da ruwa. To yaya za a haɗa su? Sai a shimfiɗa roba a kan kankaren. A ɗora doguwar sandar katako da aka jiƙa da magani. A huda, a ɗaure ta da noti har cikin kankare. A shafa gam. Sannan a zaunar da bango a kanta kamar hula a kai, a bi shi da ƙusa ciki da waje. Bakin bango kada ya kuskura ya taɓa siminti. In aka yi haka, ko guguwa sai dai ta gaishe shi ta wuce."

Daga nan sai ya sassauta murya, ya nuna gado.

"Ga shaida. Mahaifina na sa a ciki. Wa zai sa mahaifinsa a abin da bai yarda da shi ba?"

A nan ake gama ciniki. Baƙi su girgiza kai, su ce Allah ya ba mu 'ya'ya irinka. Baba ya ce amin, domin ba a ƙin amsa addu'a.

Ruwan farko da aka yi, ba ta sama ya shigo ba. Baba ya sauko da ƙafa daga gado ya ji silifas ɗinsa na iyo. Ya duba rufi, a bushe. Ya duba taga, a bushe. Da ƙyar ya dafa gado ya durƙusa, sai ya ga siririn haske a gindin bango, tsakanin katako da kankare, ya miƙe tun daga wannan kusurwa har waccan. Ya ɗauko tef ɗin awonsa ya zura. Tef ya wuce sumul, ya leƙa tsakar gida.

Babu roba. Babu gam. Bakin bangon yana zaune a kan siminti tsirara, yana shan ruwa kamar biredi a shayi.

Ya jira har Injiniya ya gama karyawa, ya kira shi gefe, don ba a yi wa babba gyara a gaban iyalinsa.

"Babba, ina ga yaranka sun manta wani abu a ƙasan nan."

Injiniya ya leƙa daga tsaye, hannu a aljihu.

"Ba mantuwa ba ce, Baba. Sabon kankare sai ya zauna tukuna. In aka ɗaure yanzu zai tsage."

"Ai na ji kana cewa a masana'anta ya bushe."

"Baba, wannan fannina ne. Ka bar min."

Baba ya bar masa. Ya yayyaga tsohon zane ya cusa a gindin bango, ruwa ya mai da zanen lagwani, yana janyo danshi ciki. Bayan 'yan kwanaki bakin katakon ya kumbura ya fara ɓarɓashi. Wani baƙin tabo ya taso daga ƙasa, yana hawa a hankali, kamar mai bin tsani. Ɗakin da aka gina don kada iska ta shiga, ya riƙe warin da ya shiga ya hana shi fita. Kiyashi suka gano soson tsakiya, suka kafa gari, kowace safiya Baba na share farin gari a gindin bango. Sannan tari ya zo, busasshe da fari, daga baya ya sauka ƙirji ya yi nauyi.

Matar Injiniya ce ta fara samo bayani. Ita 'yar kasuwa ce, yadi take sarowa dila-dila, ta jibge su a falo har babu wurin zama. Ta shigo da kwanon abinci, ta ja hanci, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, don Allah in za ka wanke hannu ka riƙa fita waje. Dubi yadda ka jiƙa ɗaki."

"Ɗiyata, ba ni ba ne. Ta ƙasa yake shigowa."

"Ta ƙasa," ta maimaita, ta dube shi daga ƙafa zuwa gwiwa. "To ai ba abin kunya ba ne, Baba, girma ne. In dare ya yi ka kasa fita, sai a ajiye maka bokiti."

Baba ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗinka wa gari sutura, yau surukarsa ke masa tayin bokiti. Bai ci abincin ba. Ita kuma ta gaya wa mijinta cewa Baba ya fara rigimar tsufa.

Da tabon ya kai tsawon taƙi, Injiniya ya ɗauki mataki. Ya sa aka ja akwatin marigayiya aka jingina a wurin da ya fi baƙi, aka ja keken ɗinki ya rufe ɗaya gefen, aka fesa turare. In baƙi za su zo, a buɗe taga tun da safe. Gindin akwatin ya fara tsatsa. Ranar da Baba ya buɗe shi, mayafan da ke ƙasa sun yi fumfuna, har da shuɗin nan da ya yi wa ado da hannunsa shekarar da aka haifi Injiniya. Ya shanya su a igiya. Matar Injiniya ta sa aka kwashe, wai baƙi na zuwa, tsakar gida ba wurin gwanjo ba ne.

Mai aski, tsohon abokinsa, yakan biyo lokaci-lokaci da jakarsa. Ya zaunar da shi a ƙofar ɗaki ya ɗaura masa ƙyalle.

"Tela, an ce ɗanka ya sa ka a firiji don kada ka lalace."

"Firijin da ke yoyo ta ƙasa."

"Kai dai ba ka da godiya. Ni nawa ɗan, in na kira shi a waya sai ya ce wa ke magana." Ya goga aska a tafin hannu, ya saurari tarin Baba har ya lafa. "Wannan tarin fa ba na wasa ba ne. Ka yi masa magana mana."

"Na yi."

"Ka sake. Ko ka faɗa a gaban baƙin nasa, ka ga in bai ɗauko sifana da gudu ba."

"In tona masa asiri a gaban masu ba shi abinci? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Haka ne," in ji mai aski. "Amma ban taɓa jin an ce ka kwana kana shinshinarsa ba."

Auta, 'yar Baba, ta zo ranar hutu da 'ya'yan itace a leda. Baba ya ja akwatin da kansa, yana haki, ya nuna mata. Ta toshe baki, idonta ya kawo ruwa. Ya ɗauka an samu mai magana.

"Ki gaya wa yayanki. Ke yana jin taki."

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

"Baba, ka san baban yara a wurin Yaya yake aiki. In na buɗe baki, cewa za a yi shi ya turo ni. Ka yi haƙuri damina ta wuce. Kuma wallahi Yaya na ƙoƙari, kowa a gari maganar ɗakin nan yake."

Ta mayar da akwatin inda yake, ta gyara shi daidai yadda ya rufe tabon, ta yanka masa lemo. Haka gidan yake: kowa na ƙaunar Baba, kowa kuma da dalilinsa.

Amsar gaskiya a bakin Injiniya ta fito, ba tare da an tambaye shi ba. Wani mai saye ne ya zo, dattijo mai tabarau, irin masu tambayar ƙwaƙwaf. Ya saurari karatun roba da noti da gam har ƙarshe, sannan ya ce:

"To in na tashi daga filin nan gaba, zan iya kwashe ɗakina in tafi da shi?"

Injiniya ya yi dariya.

"Ranka ya daɗe, in an sa gam aka bi da ƙusa, an gama. Sai dai a fasa. Shi ya sa tun farko nake tambayar mutum: zama za a yi, ko wucewa? In zama ne, mu ɗaure har abada. In abin da za a kwashe kwanan nan ne, ba ma ɓata gam. Jingina shi kawai muke yi, ranar da aka gama da shi a ɗaga lafiya lau, a kai wa wani."

Baba yana bakin gado cikin farar riga. Ya ji kamar an zare masa wani abu a baya. Ya san wannan aikin, ya yi shi da hannunsa sau ba adadi. In aka kawo rigar da ba a tabbatar mai ita zai karɓa ba, ba a ɗinke ta. Sai a bi ta da dogon zare, taku mai faɗi, yadda in an ja bakin zaren sau ɗaya za ta warware, yadin ya koma kanti ba tabo. Ashe ba mantuwa ba ce, ba kuma kankare ake jira ya zauna ba. An auna shi ne, an ga ba zai daɗe ba.

Mai tabarau ya juyo.

"Baba, kai da ke ciki, yaya kake jin ɗakin?"

Injiniya ya kafe shi da ido, yana murmushi. Baba ya haɗiye tarin da ya taso masa.

"Alhamdu lillahi," in ji shi.

Da baƙon ya tafi, Baba ya ɗauki sanda ya ratsa tsakar gida zuwa ofis. Rabonsa da shiga ɗakin tun ranar da aka fitar da shi. Inda gadonsu yake an sa tebur. Ƙusar da marigayiya ke rataye madubi tana nan, an rataya hoton wani gida mai bene. Injiniya na waya, ya ɗaga masa yatsa alamar ya jira. Baba ya jira, a tsaye, a ɗakin da ya gina.

"Baba, lafiya? Da ka aiko."

"Tambayar da kake yi wa masu saye, ni ba ka yi min ba. Zama ko wucewa. Kai ka amsa min da kanka."

"Subhanallahi! Baba, wace irin magana ce wannan?"

"Maganarka ce. Ni maimaitawa na yi."

Injiniya ya ture wayar gefe, ya shafa fuska.

"Baba, ka fahimce ni. Bangwayen nan kayan kamfani ne, jari ne. In na shafa musu gam sun mutu a wurin. Kasuwa ba ta da tabbas, dole mutum ya bar wa kansa ƙofa. Ba wai ina jiran wani abu ba ne."

"Ban ce kana jira ba. Na ce ka shirya."

"Haba Baba! Wa ke ciyar da kai? Wa ke sayen magani? Akwai wanda ya kai ni yi maka a cikin 'ya'yanka?"

"Babu. Shi ya sa kai na zo wa. Robar nan da noti, a shagonka suke, na gan su a kwali. Ka ɗauko, ni zan riƙe maka sifana. In na mutu ka fasa bangon, ka ce ni na ja maka asara."

"Bayan damina, Baba. Yanzu ko an sa gam ba zai kama ba, wurin a jiƙe yake."

Wannan kam gaskiya ce. Da farkon damina an ce kankare bai zauna ba, da ta yi nisa an ce wuri ya jiƙe. Mai ilimi ba ya rasa dalili, kuma dalilinsa kullum da ƙamshin gaskiya.

Guguwar da Injiniya ke cewa sai dai ta gaishe da ɗaki ta wuce, da la'asar ta zo. Ba ta gaishe shi ba. Baba yana kwance ya ji bangon bayansa ya yi ƙara kamar an ja tebur, ya ga hasken gindinsa ya faɗaɗa. Bangon ya gusa, bai fi kaurin yatsa ba, amma ya isa ya karkatar da ƙofa. Ruwa ya shigo da gudu, ya kewaye ƙafafun gado. Baba ya ja ƙofa, ta ƙi. Ya buga da sanda, ya yi kira. Ɗakin da ba ya shigar da hayaniya, ba ya fitar da ita. Yana hango falo ta gilashi, ana ta kai da kawo, ana ɗage dilolin yadi daga kusa da taga kada feshi ya taɓa su. Ya tsaya a ruwa har idon sawu, yana tari, har hadarin ya wuce, har aka tuna ba a kai masa abinci ba.

Da ƙarfe aka ɓalle ƙofar.

"Ikon Allah, Baba ya kulle kansa," in ji matar Injiniya. "Na faɗa muku abin nan ya fara taɓa shi."

Washegari bai iya tashi ba. A asibiti likita ya ɗora masa abin sauraro a ƙirji, ya daɗe yana ji, ya ɓata fuska.

"Huhunsa ya sha sanyi da danshi. A ina yake kwana?"

Baba ya buɗe baki, tari ya riga shi. Injiniya ya amsa.

"Ai likita, ɗakinsa ya fi na kowa a gidan. Irin na zamani ne, mai soso a tsakiyar bango. Ba zafi, ba sanyi. Ni na haɗa masa da kaina."

"Kai, irin waɗannan? Na daɗe ina son in yi wa mahaifiyata. Kana da katin kamfaninka?"

Yana da kati. A kan gadon Baba aka miƙa shi, ta saman robar ƙarin ruwa.

Baba ya daɗe a asibiti. Auta ta yi jinya, ta yi kuka, ta ce wa masu dubiya tsufa ne. Akwai ranakun da aka fara kiran dangi na nesa, Injiniya ya riƙa fita baranda yana waya a hankali. Amma tsohon tela bai wuce ba. Ya tashi, ya rame kamar allura, numfashinsa na fito, ƙafafunsa na rawa, amma ya tashi. Aka ce ikon Allah. Wasu har da gaske suke faɗa.

Ranar da aka dawo da shi, rana ta fito, damina ta ja baya. Yana shiga tsakar gida ya hango ɗakinsa ya tsaya cak. An yanke ruɓaɓɓen gindin an sa sabo. Ga bakin baƙar roba ya leƙo tsakanin kankare da katako. Ga kawunan ƙusa a jere, taku daidai, kamar ɗinkin keke. Ga sawun gam da ya bulbulo aka goge. Bakin bango ya ɗaga daga siminti, bai taɓa ba. Duk abin da ke cikin karatun, an yi shi, ba a tsallake ko ɗaya ba.

Baba ya ce a ransa, ashe yaron nan yana da kunya. Ashe sai da ya ga kabari ya tuna. Ya saki hannun Auta, ya taka da kansa, ya kai hannu ga ƙofa.

Kwaɗo ne a jiki.

Ya leƙa ta gilashi. Dilolin yadi ne tun daga ƙasa har rufi, an ɗora su a kan katako, an bar rata tsakaninsu da bango don iska.

"Baba, sannu da dawowa," in ji matar Injiniya daga bayansa, makulli a hannunta. "Ka ga falo ya yi mana kaɗan. Kai ma tela ne, ka san yadi ba ya son danshi ko kaɗan. In ya yi tabo ɗaya, shi ke nan, ba mai saye."

"Na sani," in ji Baba. "Yadi ba ya son danshi."

"Naka yana can gaba," in ji Injiniya, ya kama kafaɗarsa ya juya shi. "Sabon samfuri ne, bana ya fito. Ya fi wannan haske. Kuma kusa da ƙofar gida, baƙi ba sai sun ratsa tsakar gida ba."

Yana nan kuwa, a gefen ƙofar gida, fari tas a kan sabon kankare. An riga an shigar da gado, da keke, da akwatin marigayiya mai tsatsa. An ma rataye farar rigar a ƙusa, an goge ta. Baba bai durƙusa ba, don gwiwa ba za ta bar shi ba. Daga bakin gado ma ana ganin siririn hasken, ya miƙe daga kusurwa zuwa kusurwa.

"Gobe akwai masu zuwa, Baba. Likitan nan ne da matarsa," in ji Injiniya.

Suka zo da hantsi. Baba ya sa farar riga ba a ce masa ba. Injiniya ya tsaya da su a waje tukuna, yana nuna musu gindin bango daga nesa, muryarsa na shigowa ta ƙasa tar-tar: roba, sandar katako, noti har cikin kankare, gam, ƙusa ciki da waje. Baba ya saurara har aka zo wurin da ake sassauta murya.

"Mahaifina na sa a ciki. Wa zai sa mahaifinsa..."

Baba ya kwantar da sandarsa a ƙasa. Siririya ce, ta ƙarfe, wadda asibiti suka ba shi. Ya saita bakinta a hasken, ya tura da ƙafa. Ta wuce ƙarƙashin bango ba abin da ya tare ta, ta fita waje, ta daki takalmin likita.

Baba ya jingina da bango yana haki, ya ji bangon ya ɗan ba da baya. Shekara da shekaru yana rufa wa mutane asiri da zare da allura, yau ya ja bakin zare sau ɗaya. Ya jira ya ji abin ya warware.

Sai ya ji dariyar ɗansa, mai taushi, irin ta mai haƙuri.

"Ku yi haƙuri, likita. Ka dai ga yadda ya dawo. Tun kafin ciwon ya fara, har kulle kansa yake yi. Wannan gefen mun bar masa 'yar kafa ne saboda ƙirjinsa, iska ta riƙa shiga."

"Allah sarki," in ji matar likita. "Tsufa ke nan. Allah ya saka maka, ba kowane ɗa ke iya wannan ba."

Likita ya sunkuya ya ɗauki sandar, ya shigo da ita da kansa, ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Ya dafa kafaɗarsa, ya ɗaga murya kamar mai magana da kurma.

"Baba, ka riƙa shan maganinka! Ka gode wa Allah da ya ba ka ɗa!"

Suka wuce ofis don a ƙarasa magana. Baba ya ji matar likita na tambaya ko nasu za a ɗaure shi sosai, domin surukarta ta tsufa, ba ta son sanyi. Ya ji Injiniya ya ja kujera.

"Wannan ya danganta, Hajiya. Bari in yi muku tambayar da nake yi wa kowa."

A ƙarshen tsakar gida yadi na kwance a bushe, bayan roba da noti da gam. A bakin ƙofa, wanda ya haifi mai gidan yana zaune cikin farar riga, iska na shafar ƙafarsa ta ƙarƙashin bango.